Tafintar Inna

Lahadi, 2 ga Maris, 2014

Imel daga Amurka, kuma a akwatin wurin aiki. Ban san wanda ya ba ta adireshina ba. Wata lauya ce daga Texas, wai ita Miss Delgado. Ta ce ita ce sabuwar lauyar Ghali, tana so mu yi magana.

Shekara goma ke nan da aka yanke masa hukuncin kisa. Ni a wurina an gama. Ya shiga shagon gidan mai da bindiga, ya harbe mai tsaron shagon, magidanci mai 'ya'ya biyu, kuma bai taɓa musun shi ya yi ba. Baba ya ji labarin kama shi, hawan jini ya kayar da shi, bayan wata huɗu muka kai shi makwancinsa. To me ya rage da za a yi magana a kai?

Na goge saƙon. Na gama duba marasa lafiya, na dawo gida Ain Khaled a nan Doha, na yi wa Inna tuwon shinkafa miyar kuka. Ban gaya mata ba.

Talata, 4 ga Maris

Ta sake turowa. Matar nan akwai naci.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi wautar nuna wa maigidana, Baban Ikhlas. Injiniya ne, komai sai ya karanta har ƙarshe. Na ce ai an ɗaukaka ƙara tuntuni an faɗi. Ya ce wannan daban ne, sunansa habiyas kofus. Ba a sake tambayar ko ya yi kisan. Kotun tarayya ake roƙo ta duba ko an bi doka a shari'ar, musamman ko lauyansa na farko ya yi aikinsa. In suka ci, ba sakinsa za a yi ba, hukuncin za a sake, watakila ya koma ɗaurin rai da rai. In suka faɗi, sai a sa masa ranar allurar kisa. Dole takardunsu su shiga kotu kafin 7 ga Afrilu, in aka makara da kwana ɗaya an rufe ƙofa.

"Haulat, yayanki ne fa."

Na ce wanda ya harbe ma yana da ƙanne, wa ya hau jirgi ya je jin ta bakinsu?

Ya yi shiru. Ashe shirun nan ba na yarda ba ne, bayan la'asar ya je ya gaya wa Inna. Wallahi namiji in ya so burge surukarsa ba abin da ba zai yi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Lauyar za ta zo Doha da kanta. Baban Ikhlas ya ba ta amsa da sunansa, har da kwatancen gida.

Shekara uku Inna tana tare da mu, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗago zancen ba. Abin da ta ce yau kawai: "In baƙuwar za ta zo, a haɗa mata zoɓo, kada a ba ta na gwangwani."

Ghali ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ana yaye shi aka kai shi wurin Goggo, yayar Baba, a Tudun Wada Zariya. In dole ta ambace shi sai ta ce "ɗan Goggo." In ya shigo gaisuwa ta amsa tana kallon wani wuri. Mu da muka biyo baya mu muka sha goyo da lallashi. Shi kuwa kunya ta cinye rabonsa. Ban ce wannan uzuri ba ne. 'Yan fari nawa ne a Zariya, nawa suka ɗauki bindiga?

Asabar, 22 ga Maris

Ta zo. 'Yar siririya, gashi duk furfura, jaka ta fi ta nauyi. Ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta yafa gyale a karkace, wani ya koya mata. Ta riƙe hannuna ta ce Ghali yana yawan ambatona. Na zare hannuna.

Sai ta ce ba ni zan yi tafinta ba. Wai kotu ba ta son ɗan uwa a tsakani. Ni da nake fassara wa Inna maganar likitoci da ta ofishin biza, a cikin falona ake ce min in koma gefe. Wanda ta samo kuma ta hanyar masallaci, Malam Alidu ne, dattijo mutumin Kumasi, maigadi a wani kanti a Al Mirqab, yana zaune Bin Omran su shida a ɗaki. Wai ya taɓa koyarwa a firamare. Hausarsa ta zango, yana ce wa Inna "Mma." Haushi kamar ya kashe ni.

Na tsaya a ƙofar kicin. Lauyar ta jawo kujera gwiwa da gwiwa da Inna, ta zuba mata ido, ta ce ta ba ta labarin ɗanta Ghali, wane irin yaro ne, tana ƙaunarsa?

Inna ta ja mayafi, ta kalli kafet. "Ba ni da abin cewa."

Na ji sanyi a raina, Allah ya yafe min. Na ce yalla, an gama, a tattara takardu.

Malam Alidu ya fassara. Amma bai tsaya nan ba, ya ci gaba da Turancinsa a hankali. Ya ce mata wannan ba ƙi ba ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna tana sonsa, balle a gaban baƙo da suruki. Ya ce in ma ta ga uwa ta fi kawar da kai, sau da yawa nan son ya fi yawa. Lauyar ta ajiye biro tana kallonsa.

Na koma kicin na tarar albasa ta ƙone.

Lahadi, 23 ga Maris

Bayanin Malam Alidu na jiya bai kai minti biyu ba.

Litinin, 24 ga Maris

Yau maigadi ne ya tsara min gida. Ya ce Baban Ikhlas ya fita, ni ma in ba su wuri. Ya jera kujeru gefe da gefe suna kallon taga, don kada a haɗa ido. Ya ce a kawo wa Mma wani aikin hannu, aka ba ta tire da wake ta tsince. Ya ce wa lauyar kada ta kuskura ta ce "ɗanki," ta tambayi labarin ɗan Goggo.

Na ce na tafi ɗaki. Na zauna a matakala.

Awa uku Inna tana magana. Inna! Ta ce a shekarar da ɗan Goggo yake sha huɗu, mota ta buge shi a kan keke a hanyar Kaduna, kansa ya fashe, kwana tara bai san inda yake ba. Dangin Baba sun cika ɗakin asibitin, ita ba ta da fuskar shiga a gabansu, sai ta shimfiɗa tabarma a waje ƙarƙashin tagar. In an kira salla sun fita alwala, ta saɗaɗa ta shiga, ta shafa masa ruwa a leɓe, ta fito kafin su dawo. Ta ce da ya farfaɗo ba shi aka dawo musu da shi ba. Yaron da ba ya faɗa ya koma fasa kwanuka, yana faɗuwa yana kumfa, yana manta hanyar gida. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu, Baba ya hana a yi zancen a waje don kada a ce akwai hauka a gidan.

Ina shekara takwas lokacin. Na san hatsarin, na san faɗuwar. Tabarmar ce ban sani ba.

Lauyar ta tambaye ta ko lauya na farko ya ji wannan labarin. Inna ba ta daina tsintar wake ba, ta ce, "Ai Haulat ta gaya wa wancan Baturen duka a waya. Abin da ya sa aka zaunar da ita ke nan. Ita ai ba ta jin kunyarsa."

Ban ji Malam Alidu ya fassara nan take ba. Sai da ya yi gyaran murya.

Talata, 25 ga Maris

Bari in rubuta sau ɗaya.

2004, ina ajin ƙarshe a karatun likita. Lauyan da kotu ta ba shi ya bugo waya gidan maƙwabta, aka kira mu. Baba yana kwance. Baturen ya yi wa Inna irin tambayar ranar Asabar, ta ba shi irin amsar. Na ce masa da Turanci, ta ce ba ta da abin cewa. Daidai na fassara, ban ƙara ba ban rage ba. Na san abin da shirun yake nufi, na san kuma yadda zai ji shi. Na san zancen hatsarin, kuma ɗalibar likita ce ni, na san abin da bugun gaban kai yake yi wa mutum. Na yi shiru. Ya ce na gode, ya nemi adireshin gida, na yi ta jero masa harafi harafi. Dogon Turancin da Inna ta ji ke nan, ta ɗauka labarin nake bayarwa.

A lokacin so nake a kashe shi. Ga Baba yana fitsari a kwance, ga 'yan unguwa suna nuna gidanmu da baki.

Har yanzu ban ce ba na so ba.

Laraba, 26 ga Maris

Ta nemi mu haɗu ni da ita kaɗai, a wani wurin shan shayi a Al Mirqab. Na je don in ce mata ta fita harkata.

Ta ajiye min takarda biyu. Ɗaya daga fayil ɗin lauya na farko, da rubutun hannunsa: waya zuwa Najeriya, minti goma sha ɗaya, ƙanwa ce tafinta, uwa ba ta da abin cewa. Shi ke nan binciken da ya yi a kan rayuwar mutum. Ta biyun daga rubutaccen zaman kotu. Da bakinsa lauyan na farko ya gaya wa masu yanke hukuncin nan su goma sha biyu cewa ya nemi dangi bai samu mai magana ba. Lauyan gwamnati ya cafe, ya ce musu: matar da ta haife shi ma an tambaye ta, ba ta sami kalma ɗaya ta alheri ba. Ba su yi awa biyu ba suka dawo da kisa.

Sai ta miƙo takardar rantsuwar da ta tsara min. Duka gaskiya ne, har sai da na zo sakin layi na tara: "Da lauyan ya tambaye ni, da na gaya masa duk wannan, kuma da na zo kotu na ba da shaida."

Ta ce wannan layin ne ƙashin bayan ƙarar. Bai isa a ce lauya bai bincika ba, sai an nuna da ya bincika da ya samu.

Na ce, in kuma da ya tambaya ba zan faɗa ba fa?

Ta daɗe tana juya kofin shayin karak. Ta ce to kada in sa hannu. Ba ta son ƙarya, lauyoyin gwamnati za su iya tsare ni da tambayoyi su fasa ta. Amma in sani, in na rubuta cewa da gangan na ɓoye, za su ce ka ga, dangi ne suka ƙi, lauya ba shi da laifi.

Wato in rantse a kan abin da ban tabbata ba, ko in faɗi gaskiyar da za ta iya kai shi ga allura. Na ce mata ta iya aikinta, ta taso tun daga Texas ta ɗora min wannan a ka. Ta ce ba ita ta ɗora ba. Na tashi na bar ta da shayin.

Alhamis, 27 ga Maris

Na gaya wa Baban Ikhlas. Ya ce, "Sa hannu kawai, khalas. Wa zai buɗe zuciyarki ta shekara goma da ta wuce?" Na ce Wanda zan tsaya a gabansa. Ya ce to shi ma ran yayana za a tambaye ni. Kowa ya zama malami a kaina.

Malam Alidu ya zo karanta wa Inna tata takardar da Hausa kafin ta dangwala. A ciki akwai inda ta ce ta ɗauka 'yarta ta yi bayani. Da zai tafi ya tsaya yana sa takalmi, bai kalle ni ba, ya ce, "Dakta, Mma bai sani ba har yanzu. Ni ba zan faɗa ba, ba aikina ba ne."

Wa ya tambaye shi?

Juma'a, 28 ga Maris

Da maza suka tafi masallaci na shiga ɗakinta. Tana ninke kayan Ikhlas. Na zauna a ƙasa na gaya mata, ban yi kwana-kwana ba. Na ce adireshi ne ta ji ina faɗa. Na ce na sani, na ƙi.

Na so ta zage ni. Ta ci gaba da ninke wata riga, ta warware, ta sake ninkewa.

"Shekara goma ina cewa sun ji komai suka yanke. Na ce to hukuncin Allah ne, na haƙura."

Na ce Inna ki yafe min.

"Ni ba zan iya faɗa ba. Ke kina iyawa."

Ba ta ƙara ba. Ba ta ci abincin rana ba.

Asabar, 29 ga Maris

Da safe na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Na san wannan kallon, amma nawa ba na kunya ba ne. Ina fita ta ce, "Baturiyar gobe za ta tafi. Bakin naki ai yana nan."

Na zauna na tambayi kaina tsakani da Allah. Na tuna ranar wayar, bayan na fassara amsar Inna Baturen ya yi shiru, ina jin numfashinsa, gabana yana faɗuwa kada ya ce me ya sa. Tsoron me nake ji, in da zan iya yi masa ƙarya? Inna tana zaune gefena, gwiwarta tana taɓa tawa. Ɓoyewa na iya. Amma a tambaye ni kai tsaye in ce uwata ba ta son ɗanta, tana zaune, wannan ba zan iya ba, ko a lokacin.

Na soke layi na tara, na rubuta nawa. Na ce ina fushi da shi, na san ma'anar shirun, ban bayyana ba. Na ce lauyan bai tambayi dalili ba, bai tambayi lafiyarsa ko ƙuruciyarsa ba, bai sake bugowa ba, bai nemi wani tafinta ba. Na ce da ya yi tambaya ɗaya tak da na amsa da gaskiya, don ba zan yi wa mahaifiyata ƙarya a gabanta ba. Zancen zuwa kotu kuwa na ce ban sani ba.

Miss Delgado ta karanta sau biyu. Ta ce ya fi nata rauni, ya kuma fi nata wuyar fasawa, ba ta san wanne alƙali zai gani ba. Na sa hannu. Ta so rungume ni, na miƙa mata jakarta.

Talata, 8 ga Afrilu

Sun shigar ranar Juma'a, da sauran kwana uku. Ta ce za a iya shekara biyu ko fiye kafin a ji, kuma yawancin irin wannan ƙarar faɗuwa take yi. Ta ce in akwai saƙo a turo, za ta kai masa da hannunta. Na gaya wa Inna don kada a ce wannan ma na ɓoye.

Kwana goma ba ta kira ni ɗakinta ba. Yau bayan la'asar ta ce in zo da takarda da biro. Ta juya ta fuskanci taga. Na jira, na jira.

"Ki ce ana gaishe shi."

Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, ta ɗauki carbi.

Ban yafe masa ba. Mutumin shagon yana nan a kabari, Baba ma haka. Amma saƙon Inna ne, kuma ni aka ba. Na fito falo na fara. A sama na sa "Yaya," don haka ake fara wasiƙa, ba don komai ba. Na rubuta ana gaishe shi. Sai na ga ba lalle ya gane ba, shekara goma sha takwas rabonsa da gida. Na ɗan yi masa bayanin wa ke gaisuwar, da abin da ta faɗa wa lauyarsa, da abin da ba za ta taɓa faɗa ba.

Shafi huɗu ya ci. Gobe zan tura kafin in shiga asibiti.